Yaya ya ce in kori masu kwana a kangonsa cikin sati ɗaya, na kasa. Don Allah ku ba ni shawara

Ɗan Kubwa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don abin nan kwana uku ke nan yana cin raina, ko barcin kirki ba na yi.

Yayana yana da gini a bayan Karmo, bene hawa ɗaya, an zuba dakin (kankaren saman bene) an ɗora bulo a sama har linta sai aiki ya tsaya. Kun san yadda abubuwa suka koma tun da aka cire tallafin mai a 2023, farkon 2024 buhun siminti ya haura dubu 10, shi kuma kasuwarsa ta Legas ta ja baya, sai ya ce a dakata tukuna. Ni ya bar wa amanar wajen tunda ni ne a Abuja. Muka sa wani dattijo mutumin Nijar gadi, ni nake tura masa kuɗin wata. Gaskiya na fi wata 5 ban leƙa ba, waya kawai muke yi ya ce lafiya lau.

Ranar Lahadi shugaban masu gidajen layin ya kira Yaya kai tsaye ya kai ƙara, wai an mayar da ginin matattara. Yaya ya kira ni ransa a ɓace ya ce in je in gani. Na isa wajen ƙarfe 9 na dare ana tsuga ruwan nan na Agusta, na kunna fitilar waya na shiga. Jama'a mutum 14 na ƙirga. 'Yan ga-ruwa 4 mutanen Maraɗi, ga kurarsu nan a jingine a falo, leburori 5 'yan Jigawa da Katsina, wani saurayi mai wankin takalmi, sai wata mata da yara 3 a ɗakin da aka yi don kicin. Kwali ne da buhunan siminti a ƙasa, an toshe tagogi da leda da tsohon kwano, an ɗaure gidan sauro a jikin rodi. Wajen a share yake tas, har da butoci a jere da ɗan wajen salla. Ashe mai gadi yana karɓar dubu 3 a wata a hannun kowane namiji, matar ce kawai ba ya karɓar komai a wajenta.

Ita matar 'yar Zamfara ce, daga wani ƙauye a yankin Zurmi. 'Yan bindiga sun kashe mijinta a gona, ta kwaso yara ta biyo mota har Zuba tana neman ƙanin mijin da aka ce yana sayar da rake, ba ta same shi ba, lambarsa ba ta shiga. Yanzu wanke-wanke take yi wa wata mai abinci. Da ta gane ni ne ƙanin mai gini sai ta durƙusa ta ce "Alhaji don Allah ko zuwa ɗaukewar ruwa ne." Ƙaramin yaron ba zai wuce shekara 2 ba, yana ta tari a bayanta. Wallahi ban iya ce mata komai ba, fita na yi na tsaya a ruwa.

Yaya ya ce sati ɗaya, kowa ya tattara ya fita har da mai gadin. Kuma ba mugu ba ne, shi yake riƙe da rabin gidanmu, tsoro yake ji, an ce masa an saci wayar wuta a layin kuma in wani abu ya faru sunansa ne a takardar fili. Ni kuma ina tunanin ina za su je a tsakiyar daminar nan? Ƙarƙashin gada? Da yara?

To in bi umarninsa tunda kayansa ne, ko in tsaya in roƙe shi, in kuma roƙon ne me zan ce masa wanda zai kwantar masa da hankali? Wanda ya taɓa shiga irin wannan don Allah ya yi magana.

Mai walda na Dei-Dei:

Wa alaikumus salam. Dan uwa wlh ina karantawa jikina yayi sanyi, saboda ni dinnan nayi wata 7 bani da dakin kwana a garin nan. 2008 na sauka tashar Jabi da jaka daya da lambar wani dan garinmu, na kira har na gaji a kashe. Daren farko akan bencin mai shayi nayi shi, daga nan sai barandar shaguna a Utako, sai karkashin gada, sai masallaci idan ladan ya tausaya.

Mutane suna zaton sanyi da sauro ne kawai matsalar, a'a. Rashin barci ne yake fara cinye mutum. Ido daya a bude kake kwana, takalminka shine matashin kai, waya a cikin wando, karfe 4 dole ka mike kafin masu waje suzo su watsa maka ruwa ko su kira maka yan sintiri, sannan a haka zakaje ka dauki bulo ko ka rike injin yankan karfe kana gyangyadi. Kuma abinda ba a lissafawa, wanda bashi da daki yafi mai daki kashe kudi a rana. Ka biya gidan wanka, ka biya kudin bayi, ka sayi abinci safe rana dare tunda baka da inda zaka dora tukunya, ka biya mai shago ya ajiye maka jaka, ka biya caji. Abinda ya rage kuma babu inda zaka boye, sau biyu ana yanka min aljihu ina barci. To ta yaya zaka tara kudin haya, haya kuma shekara guda ake so lokaci daya, ga kudin ejan akai.

Akwai wani oga da ya gwada ni yaga na iya aiki har yace inzo gobe, sai ya tambaye ni ina kake kwana, wa zai tsaya maka. Nayi shiru. Shikenan aikin ya wuce ni, bawai don ban iya ba.

Wanda Allah yasa ya zama sanadina wani dattijo ne Bagware a Gwagwa, ba musulmi bane ma, nayi masa gyaran kofa sai ya tambaye ni masaukina, na fada masa gaskiya, ya bude min wani dan sito da yake ajiye doya yace in zauna in na samu in biya. Kofa ce ta langa langa da kwado daya. Wlh daren farko nayi barci tun ishai har rana ta fito ban motsa ba. Cikin wata 3 na sayi injin goge karfe nawa na kaina, saboda yanzu inada inda zan kulle shi. Yau inada shago da yara 4 masu koyo, kuma duk yaron da na dauka abu na farko da nake tambaya shine ina yake kwana.

Masu cewa su koma Mararaba ko Suleja su kama daki, ku lissafa kudin mota zuwa da dawowa yanzu ku cire daga abinda lebura yake samu a wuni, sannan dole karfe 6 tayi masa a bakin titi da diga da shebur in ba haka ba an kwashi wasu. Dan ga ruwa kuma kurarsa tana nan inda kwastomominsa suke, gidajen layin da suka kai kara ina tabbatar maka su suke sayen ruwan.

Ni dai shawarata kada ka kore su a damina. Ka roki Yaya ko wata 2 ne.

Abu Hafsat:

Ɗan Kubwa ni zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Ina tausayin mutanen nan, amma ginin ba naka ba ne, amana ce, kuma mai amana ya yi magana. Ba a kyauta da kayan wani. In kana son taimako ka taimaka da aljihunka.

Aikina ke nan kula da wajen gini, shekara 15, don haka bari in gaya maka abin da ka manta. Dakin da aka bari ba rufi yana shan ruwa damina bayan damina, ruwa yana bin tsaga ya shiga ya ci rodi, rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankare daga ciki, kai kana kallo daga waje kamar lafiya. Bulon da aka ɗora a sama ba a ɗaure shi da rufi ba iska mai ƙarfi tana iya tura shi. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba gini ya rufta a Abujan nan, kuma sau da yawa waɗanda ake tonowa masu kwana a ciki ne da leburori. Ga matakala ba makari ga yara ƙanana, ga ramin sokawe wataƙila a buɗe, ga girki da gawayi a ɗakin da aka toshe da leda. Allah Ya kiyaye, in yaro ɗaya ya faɗa rami ko wuta ta tashi, kai za a fara kamawa, sannan Yayanka. Waɗanda suke ce maka ka bar su yau babu wanda zai je belinka.

Sai maganar tsaro. Ka san mutum 14 a daren Lahadi, ka san wanda yake zuwa daren Laraba? Mai gadin da ya ɓoye maka wannan wata da watanni yana karɓar kuɗi, me kuma ya ɓoye? Ni an taɓa kwashe mana wayar wuta ta bene guda da tagogin alminiyam a dare ɗaya, kuma da hannun wanda aka bari yana kwana a ciki. Maƙwabta ba hauka suke yi ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka kuma tuna tun Oktoban 2024 ministan Abuja Wike ya ba da sanarwar kwashe mabarata da masu yawon titi, ana kai samame kangaye, in aka zo ba za a tambayi wa yake da kirki ba.

Ka ba su lokaci daidai gwargwado, ka ba matar abin da Allah Ya hore maka, amma su tashi.

Maman Biyu:

Malam Abu Hafsat maganarka ta gini gaskiya ce, ban musa ba. Amma "su tashi" ɗin nan su tashi zuwa ina? Wannan ne ba wanda yake amsawa, daga gwamnati har mu.

Ni muna da 'yar ƙungiya ta mata, mukan haɗa kayan sawa da hatsi mu kai sansanonin 'yan gudun hijira na Durumi da Kuchingoro lokacin azumi. Wanda bai taɓa zuwa ba ya je ya gani, Durumi daga Area 1 tafiyar mintuna ce, kana hango manyan gine-gine. Mafi yawansu mutanen Gwoza ne da kewaye da suka gudo tun 2014 lokacin da Boko Haram suka kama garin. Ku lissafa shekarun. Yaron da aka haifa a bacar tamfol a shekarar yanzu ya isa shiga sakandare, bai taɓa sanin ɗaki mai ƙofar kirki ba. Ana faci da buhu da leda, rana ta gasa tamfol ya yage, ruwa ya zo ya bi ta ƙasa, mata su kwana a tsaye riƙe da jarirai. Haka Wassa. Kuma waɗannan ma a ce suna da suna, ana san inda suke, wani lokaci a kai musu wani abu. Waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Zamfara da Katsina da Sakkwato mafi yawansu ba sansani ne ya karɓe su ba, dangi ne, in ba dangi sai kango, kamar wannan baiwar Allah.

Abin da ya tsaya min a rai a labarinka ɗan'uwa, mace ɗaya da yara a cikin maza 10 a gidan da ba ƙofa. Ba ina zarginsu ba ne, wataƙila ma su suke ba yaran abinci, amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na san ba ta barci. Ina take wanka? Ƙarfe nawa take zagayawa? In a cikin yaran akwai mace da ta fara tasawa fa, wa yake tare da ita in uwar ta tafi wanke-wanke tun safe? Abubuwan da muka ji daga bakin mata a irin wuraren nan ba na rubutawa ba ne. Kuma in ta fita daga nan ta koma barandar kasuwa, abin sai ya fi haka muni sau goma.

Don haka ni ina ganin ka raba maganar biyu. Maza suna da sana'a, in an ba su wata biyu za su iya haɗa kuɗi su 4 ko 5 su kama ɗaki ɗaya a Gwagwa ko Jiwa, haka 'yan ci-rani suke yi dama. Ita kuma ko Yaya ya yarda su zauna bai kamata ta ci gaba da zama a nan ba, a nemo mata ɗaki a gidan haya mai mata a ciki, wanda yake da ƙofa da sakata. Kuma tarin yaron nan kada a yi wasa da shi, a kai shi asibitin sha-ka-tafi gobe-goben nan a duba, a kuma tambaye ta ko an yi masa rigakafi.

In ka samu ɗakin ka yi magana a nan, ni zan kawo katifa da tukwane da dubu 20, kuma zan gaya wa matanmu.

Ƙaramin lauya:

Bari in ɗan taɓa ɓangaren doka, don Yaya tsoron doka yake ji.

Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 16(2)(d), ya ce gwamnati ta tsara manufofinta yadda za a samar wa kowane ɗan ƙasa muhalli mai kyau wadatacce, an haɗa shi a jimla ɗaya da abinci da albashin da zai riƙe mutum da kula da tsofaffi. Wato masu rubutawa sun san matsuguni a sahun abinci yake. Matsalar ita ce yana cikin babi na 2, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta abin da ke cikin wannan babin. An rubuta maka haƙƙi, an kuma rufe ƙofar da za ka bi ka nema. Nijeriya ta kuma amince da yarjejeniyar Kampala ta 2009 a kan 'yan gudun hijira na cikin gida, wadda ta ɗora wa gwamnati nauyin ba su matsuguni. Matar nan ta Zurmi a ƙarƙashinta take, ko da ba ta taɓa jin sunanta ba.

Masu cewa a mayar da kowa jiharsa su duba sashe na 41, ɗan Nijeriya yana da damar zuwa ya zauna a duk inda ya so a ƙasar. Rashin ɗaki ba laifi ba ne. Mutanen Maraɗi kuma, yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS tun 1979 take, Nijar ta fice a Janairun 2025 amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane suna shige da fice kamar da har sai an sake sanarwa. Bare ma Maraɗi da Katsina, wa zai raba?

Amma duk wannan nauyi ne a kan gwamnati, ba a kan Yayanka ba. Shi yana da damar ya ce a bar masa gininsa. Abin da zan ja hankalinka kada ka yi shi ne ɗauko matasa ko watsa musu kaya waje ko cire abin da suka toshe taga da shi da daddare, musamman tunda wanda kuka ajiye ya karɓi kuɗinsu, abin yana iya juyewa ya zama rikici. In Yaya ya yarda da ƙarin lokaci, a rubuta: sunan kowa, garinsu, lambar waya, hoto, NIN ga mai ita, a rubuta cewa aro ne aka ba su ba haya ba, ga ranar fita, ba a ƙara ko mutum ɗaya, a daina karɓar kuɗi. Su zaɓi babba a cikinsu ya ɗauki alhakin sauran. Ka kai kwafi wajen mai unguwa da shugaban layin, in da hali ka sanar da ofishin 'yan sanda na yankin. Wanda yake da abin ɓoyewa da ya ji maganar hoto zai sulale da kansa. Kuma ka ɗauki maganar Abu Hafsat da muhimmanci, a samu wanda ya san gini ya duba dakin ɗin kafin komai.

Abin da Mai walda ya ba da labari akwai ƙasar da ta mayar da shi manufa. Finlan tun 2008 suka juya tsarinsu, a fara ba mutum gida tukuna ba tare da sharaɗin sai ya samu aiki ko ya daina shaye-shaye ba, sauran gyara ya biyo baya, kuma masu kwana a titi sun ragu sosai a wajensu. Sanyinsu yana kisa a dare ɗaya shi ya sa suka ɗauki abin da gaske. Namu kisan a hankali yake yi, zazzaɓi ne da amai da gudawa.

Baba na Zuba:

Yarona Allah Ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tunani, wani da tuni ya yi waje da su.

Ni na zo garin nan kafin a dawo da fadar gwamnati daga Legas a Disambar 1991, ina ƙaramin ma'aikaci. Na ga lokacin da Nyanya take sansanin leburorin da suke gina birnin. Tun farko an zana wa minista wajen zama, an zana wa darakta, amma wanda zai kwaɓa siminti da wanda zai kawo ruwa da wanda zai yi gadi ba a yi musu isasshen waje a ciki ba, sai suka raɓa a ƙauyukan Gwari. Da aka zo rusau na 2003 zuwa 2007 zamanin da El-Rufai yake ministan Abuja, Karmo da Idu ɗin nan suna ciki, mutane suka watsu Mararaba da Masaka da Suleja. Aiki kuma bai bi su ba, yana nan cikin gari. To kango shi ne ya zama masaukin talaka, alhali ga gidaje nan a Maitama da Asokoro da Gwarinpa an gama an kulle shekara da shekaru ba kowa sai mai gadi.

Mu ba haka muka taso ba. A garinmu kowane gida yana da zaure, baƙo in dare ya yi masa ba ya neman izini mai tsawo, a shimfiɗa masa tabarma a kawo tuwo, sai da safe a tambaye shi daga ina. Fatake suna da zango, suna da fatoma mai saukar da su ya tsaya musu. Kakanninmu da suka je Ibadan da Kumasi a haka aka karɓe su, shi ya sa har yau ake da Sabo da Zango a can. Baƙonka annabinka ake cewa. Yanzu mun yi katanga da waya mai lantarki, masallatai ma ana idar da isha'i sai kwaɗo. Na san dalili, an saci fanka an saci amfilifaya, an kuma ga tashin bama-bamai, amma masallacin Manzon Allah (SAW) yana da Suffa inda marasa gida suke kwana, Abu Huraira a cikinsu yake. A Suratu Ɗaha aya ta 118 da 119, da Allah Yake gaya wa Annabi Adamu ni'imar Aljanna, abu huɗu Ya ambata, ba yunwa, ba tsiraici, ba ƙishi, ba zafin rana. Na huɗun nan inuwa ce, matsuguni. Kuma ɗan hanya yana cikin mutum 8 da ake ba zakka.

Sai dai ka ji ni da kyau, kada ka yaudari Yayanka, kada ka ce masa sun tashi alhali suna nan. Kuma kada ka yi masa maganar ta rubutu. Kira shi da safe bayan ya karya, ka fara da ba shi haƙuri a kan sakacin da aka yi, ka gaya masa abin da idonka ya gani ɗaya bayan ɗaya. In mahaifiyarku tana raye ka fara gaya mata.

Abu Hafsat:

Baba na ji, Allah Ya ƙara girma. Ni ban ce a watsa su a ruwa ba. Ɗan Kubwa in za ka samu lokaci ranar Asabar da safe ka yi min magana ta ciki, zan zo in duba dakin ɗin da ginshiƙai ba sai ka biya ba. Amma in na ga tsaga mai haɗari zan faɗa maka a gabansu, kuma ranar kowa zai fita ko Yaya ya yarda ko bai yarda ba. Ka sayi katako a rufe sokawe kafin nan.

Ɗan Kubwa:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka da alheri. Na bi shawarar Baba, na kira Hajiyarmu jiya da daddare na gaya mata komai, ta yi shiru ta ce in bar ta da shi. Yau da safe Yaya ya kira ni da kansa. Ya yi faɗa sosai a kan wata 5 ɗin da ban je ba, kuma yana da gaskiya. Ya ce mai gadi dai ba zai ci gaba ba, ƙarshen wata ya sallame shi, na roƙa ya ƙi, a nan ban samu yadda nake so ba kuma dattijon shi ma ba shi da inda za shi. Sauran ya ba su zuwa ƙarshen Oktoba, da sharaɗin takardar da lauya ya faɗa, kuma in Abu Hafsat ya ce ginin ba lafiya to magana ta ƙare. Matar kuma ya ce a nemo ɗaki zai biya rabin kuɗin shekara, ni in nemi rabi.

Na je da yamma na karanta musu. Mutum ɗaya a cikin leburorin ya ce ba za a ɗauke shi hoto ba, ya ɗauki jakarsa ya tafi, ban san dalilinsa ba kuma ban bi shi ba. Sauran duk sun ba da suna. 'Yan ga-ruwan sun ce dama suna da adashi a tsakaninsu, za su fara neman ɗaki. Shugaban layi bai ji daɗi ba, ya ce Oktoba ta yi nisa, amma ya karɓi kwafin. An kai yaron asibiti, sun ce sanyi ne ya shige shi da zazzaɓin sauro, an ba da magani an ce a dawo bayan kwana 3.

Yanzu abin da ya rage ɗaki. Na tambaya wajen biyu a Gwagwa, ɗaya dubu 180 ɗaya dubu 200, kuma na biyun da ya ji yara 3 ne ba miji sai ya ce an riga an kama. Maman Biyu zan yi miki magana. Wanda ya san gidan haya a Gwagwa, Jiwa ko Karmo da yake da mata a ciki, mai gidan kuma zai karɓi biya biyu, don Allah ya sanar da ni kafin Asabar.